Azurfa a teburin Bature, azurfa a wuyan kakarmu

1/ Jama'a, me ya sa ba a cika ganin kwanon yaji na azurfa a ɗakin tsofaffinmu na Sabon Birni da Isa ba, alhali sun san azurfa tun kafin zuwan Bature? Ku biyo ni.

2/ Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, sun zo da al'adar teburinsu: 'yan ƙananan mazubai na gishiri da masoro, wasu na azurfa, ƙirar Birmingham da Sheffield. Gishiri yana cin azurfa, shi ya sa ake sa shuɗin gilashi a ciki.

3/ Mu kuwa yajinmu (barkono, citta, kanumfari, kimba) sai dai 'yar ƙwarya ko batta, tuwo kuma a akushi. Azurfa tana wuya da hannu.

4/ Daga ina take zuwa? Akasari daga liyari, wato kuɗin Mariya Tareza ta Ostiriya. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ce, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 yake ɗauke da ita. Maƙeran fari su narka shi su yi awarwaro da zobe, ko a rataya shi yadda yake.

5/ Kun ga hikimar? Alkalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse, wasu har Tsibiri a Nijar ta yau. Wanda ya san gudun hijira, dukiyar da zai ɗaura a jiki yake tarawa.

6/ To yau ma ga shi rashin tsaro yana tada ƙauyukanmu, ana sayar da kayan gado a wulaƙance. Kafin ku bari a sayar, ku juya ƙarƙashin abin.

7/ Hoton zaki yana tafiya: azurfar Ingila ce, kashi 925 cikin 1000. Haruffan EPNS: shafe ne kawai aka yi wa wani ƙarfe, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840.

8/ In Hajiya na da liyari, don Allah ku ɗauki hotonsa, ku tambaye ta wa ya ba ta, a wane gari. Ku rubuta tun tana raye. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.