Ɓaure da Kayan Zaƙi a Tarihin Maraɗi

In ka zaga Sabon Gari da maraice za ka ga ƴan mata da farantan gato da fanke da alawar gujiya. Duk da sukari ake yin su. To, kafin sukari ya zo ƙasar nan, da me kakanninmu suke haɗa kayan zaƙi? Da zuma da rake da ƴaƴan itace. Ana dafa ɗinya a yi maɗi. Ana daka magarya a cura akuri. Ga garin ɗorawa, ga kanya, ga goriba. Cikin itatuwan nan akwai ɗaya wanda labarinsa yake tafe tare da labarin garinmu, shi ne ɓaure.

Ɓaure iri-iri ne. Wanda Alƙur'ani ya ambata cikin Suratut Tin shi ne na ƙasashen Larabawa da Turkiyya, kuma Turkiyya ta fi kowace ƙasa noman shi. Yana cikin itatuwan farko da ɗan Adam ya dasa da hannunsa. A shekarar 2006 masana suka ba da labarin busassun ƴaƴansa da aka tono a kwarin Urdun, masu shekara fiye da 11,000. Namu na gulbi ɗan'uwansa ne. Ya fi shi girma da inuwa, amma bai kai shi zaƙi ba. Misirawan dā sun san irin namu ƙwarai. Sun dasa shi a lambu, sun sassaƙa akwatin gawa da itacensa, suna kuma tsaga ƴaƴan da wuƙa tun suna kan itace don su nuna da wuri.

Hausawa sun ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Gaskiya ne, akwai ƙwari a ciki. Amma kar ka raina su. Furen ɓaure a ɓoye yake cikin ɗan, ba a waje ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake shiga ta ƙaramar ƙofa, ya kai garin fure, ya yi ƙwai. In babu ƙwaron nan, ɓauren gulbi ba ya yin irin da zai tsiro.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: ɓaure itacen bakin ruwa ne. Inda ka gan shi ya yi ƙato, ruwan ƙasa yana kusa. Da wannan za mu bi tarihin Maraɗi.

A shekarar 1807 masu jihadi suka ci Katsina. Sarakunan Haɓe suka fita, bayan ƴan shekaru Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasu. Bayan haka Gobirawa suka kafa Tibiri, Mayaƙi yana sarkinsu. Garuruwan biyu duk a bakin Gulbin Maraɗi suke. A zamanin nan kwarin kurmi ne mai duhu. Dawakin abokan gaba ba sa iya ratsa shi cikin sauƙi, saboda haka kurmin ya zama kamar ganuwa ta biyu. Shi ne kuma rumbun talaka. Yara su ci ɓaure ɗanye, mata su shanya saura su ajiye, dabbobi su ci ganye da abin da ya zuba ƙasa. Babu mai dasa shi, domin babu bukata.

A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohon gari. Faransawa suka mai da mutane bisa tudu, aka yanka unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Daga baya Sabon Gari ya tashi. A ganina wannan ƙaura ce ta fara raba matan gari da ɓaure. Tudu rairayi ne, rijiyarsa da zurfi. Itacen da aka cika gari da shi dogon yaro ne, mai jure ƙishi, amma ba a cin ɗansa.

A shekarun nan ne kuma gujiya ta hau gadon sarauta. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen ta, suna sayar da yadi da sukari da garin alkama. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gujiya. Kuɗi suka shigo, aka yi ta sassabe, gonaki suka ci daji. Uwar gida da ta samu sukari a kanti ba za ta tsaya tana tsince ƙwari cikin ɓaure ba, kuma ba laifinta ba ne.

Sai farin 1973 da na 1984. Dabbobi suka rasa ciyawa, aka dinga sassare musu rassa. A kwari ma ruwa ya canza hali. A farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani na Jiratawa, hekta wajen 500, inda injuna suke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Wajen 1990 Nijeriya ta gina madatsar Jibiya bisa kogin da yake ciyar da gulbinmu. Jiratawa ta ba mutane zogale da tumatir da kuɗin kashewa, wannan ba a musun shi. Amma itacen da yake son ruwa a kusa ya sha wuya.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman yankin nan kan sassaben zamani, wato a bar kututture ya yi toho a gyara shi. Masana sun ƙiyasta itace miliyan 200 da suka dawo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Yawancinsu itatuwan gonar tudu ne, kamar gawo da kalgo da sabara. Ɓaure ba ya zama a can. Shi sai an kai shi inda ruwa yake.

Dashen ba wuya. A yanko reshe mai kaurin hannu, a kafa shi farkon damina a bakin lambu, a yi masa shinge saboda awaki. Kar a sa shi kusa da ɗaki ko bakin rijiya, domin saiwarsa tana fasa gini.

In ya yi ƴaƴa, a zaɓi nunannu, a tsaga kowane biyu, a kankare cikin, a wanke. A dafa mudu ɗaya da rabin mudun sukari ko mazarƙwaila, a matsa lemun tsami biyu, a yi ta juyawa har ya yi kauri kamar maɗi. Ana shafa shi a burodi, ana kuma zuba shi cikin kwaɓin gato. Wadda ba ta da tanderu ta zuba rairayi a gindin babbar tukunya, ta ɗora gwangwanin kwaɓin a kai, ta rufe, ta sa garwashi bisa marfi. In ta soka tsinke ya fito a bushe, gato ya gasu.