Tarihin Sunan Gidan Shakespeare Cikin Kundayen Coci da na Shari'a

Gabatarwa

Masu karatun Hausa sun san William Shakespeare tun daga Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasanninsa. Wannan maƙala za ta bi sawun sunan gidansu ne, watau inda ya fara ɓulla, da yadda magatakarda suka riƙa juya shi, da kuma inda ya tsaya. Sunan laƙabi ne mai kalmomi biyu, ta farko tana nufin girgizawa, ta biyu kuwa mashi.

Kundayen Shari'a

A Ingila sai a shekarar 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne mamaci. Saboda haka duk abin da ya gabaci wannan shekara, a takardun kotu da na haraji ake nemansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da sunan ya fito shi ne shari'ar wani William Sakspere, mutumin Clopton, wanda aka rataye a 1248 bisa laifin fashi. Tarayyar suna ce kurum ta haɗa shi da marubucin, kuma manazarci ba ya gina nasaba a kan tarayyar suna.

Silsilar da ta tabbata ta faro ne daga Richard Shakespeare, manomi a ƙauyen Snitterfield, wanda yake noma gonar Robert Arden bisa haya. Da ya rasu, kotun coci a Worcester ta damƙa wa ɗansa John kula da gadonsa a 1561, kuma takardar gadon ce ta haɗa uba da ɗa. Shi John ya auri Mary, 'yar Robert Arden. Farkon ambatonsa a garin Stratford kuwa tara ce: a 1552 aka ci shi sule guda saboda ya tara juji a titin Henley. Da wannan 'yar tara masana suka san unguwarsa da lokacin da ya zauna a garin. A 1568 ya zama shugaban majalisar garin, a 1596 kuma aka ba gidan tambarin daraja mai ɗauke da hoton mashi.

Kundayen Coci

Rajistar cocin Holy Trinity ta nuna an yi wa William baftisma ran 26 ga Afrilu, 1564, an rubuta sunan uban Shakspere. Sai dai wannan rajista kwafi ce da aka yi a kan fata wajen 1600, bayan umarnin 1597 na a sake kwafe tsofaffin kundaye. Ke nan tsakaninmu da asalin rubutun akwai hannun mai kwafi.

Takardun aurensa su ne suka fi nuna haɗarin dogara ga kundi guda. Ran 27 ga Nuwamba, 1582, magatakardan bishop na Worcester ya rubuta izinin aure tsakanin Shaxpere da wata Anne Whateley ta Temple Grafton. Kashegari aka rubuta takardar lamuni ta fam 40, wadda Fulk Sandells da John Richardson suka tsaya a kai, a cikinta ango Shagspere ne, amarya kuma Anne Hathwey ta Stratford. Wasu marubuta sun ɗauki wannan saɓani suka ƙaga labarin budurwa ta biyu da aka yaudara. Galibin masana suna ganin tuntuɓen alƙalami ne, domin a ranar nan kotun ta saurari ƙarar wani limami mai suna Whateley, kuma masu lamunin makusantan gidan Hathaway ne.

Shi kansa mai sunan bai tsaya kan rubutu ɗaya ba. Sa hannunsa shida ne suka saura: ɗaya a shaidar da ya bayar a 1612 cikin ƙarar da Bellott ya kai surukinsa Mountjoy kan kuɗin aure, biyu a takardun cinikin gida a Landan a 1613, uku a wasiyyarsa ta 1616. Babu ko ɗaya da ya yi daidai da rubutun da muka sani yau. Maɗaba'a ce ta daidaita shi, musamman kundin wasanninsa na 1623.

Ƙarshen Sunan

Rajistar binne mamata ta rufe labarin. Ɗansa namiji tilo, Hamnet, an binne shi a watan Agusta 1596 yana da shekara 11. Ƙannensa maza, Edmund da Gilbert da Richard, duk sun riga shi rasuwa. 'Yarsa Judith ta raɗa wa ɗanta na fari Shakespeare Quiney, amma yaron ya rasu a 1617 yana jariri. Da rasuwar jikarsa Elizabeth a 1670 zuriyarsa ta yanke. Don haka duk mai amsa wannan suna a yau, ba daga tsatson marubucin ya fito ba. Jinin gidan ya ci gaba ta wajen ƙanwarsa Joan, da sunan Hart.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa ba a kafa nasaba sai kundi biyu sun yi wa juna shaida, kuma bambancin baƙaƙe ba ya raba dangi. A ƙasar Hausa aikin ya fi wuya, domin sunan uba yana sauyawa daga ɗa zuwa jika, wasu kuma sunan gari suke ɗauka, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Madogararmu ita ce rajistar kotunan alƙalai, musamman ta rabon gado, inda ake jera magada da sunayensu. Wajibi ne a kwafe waɗannan kundaye a adana su tun gara ba ta gama da su ba.