Baka: da wane itace ake yin sa, yaya ake haɗa shi?

A nan Matameye, kamar sauran ƙasar Hausa, da itace guda muke yin baka. Maharbi yakan nemi miƙaƙƙen reshen dargaza, don tana lanƙwasa ba ta saurin karyewa. Sai ya ɓare shi, ya ajiye a inuwa ya bushe sarai. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaura wa ɗanyen ice tsarkiya, to bakansa zai saki, kibiyarsa ba ta nisa. Bayan nan a fere kai biyun su fi tsakiya siranta, a murɗa fata a yi tsarkiya.

Kibiya kuwa kyauro ce da kan ƙarfe daga maƙera, ba a sa mata gashin tsuntsu. Ƙarfinta yana ga dafin kwankwani, shi ya sa har yau ba a barin yaro ya taɓa tsohon kwari.

A Japan dabararsu daban ce: gora da katako suke mannawa falle-falle, bakan ya wuce mita 2. Namu bai kai haka ba, amma da irinsa mutanen Sarauniya Mangu suka tari sojojin Faransa a Lugu a 1899.