Farin Zare da Baƙin Zare: Tarihin Muhawarar Majazi a Alƙur'ani

Ayar Suratul Baƙara da ta ƙayyade lokacin kama baki ta rataya shi ne a kan bayyanar farin zare daga baƙin zare. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya sa igiya biyu, fara da baƙa, a ƙarƙashin matashinsa, yana duba su cikin dare. Da ya kai wa Annabi (SAW) labari, sai ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Tun zamanin wahayi ke nan, ibadar mutum tana iya dogara a kan fahimtarsa ta siffantawa.

A ƙarni na biyu na Hijira tambayar ta koma fagen ilimi. An ruwaito cewa a Bagadaza wani ya tambayi Abu Ubaida, masanin lugga na Basra, dalilin da ya sa Suratus Saffat ta kamanta 'ya'yan itaciyar Zaƙƙum da kawunan shaiɗanu, alhali ba wanda ya taɓa ganinsu. Ya amsa cewa an yi wa Larabawa magana ne da salon da suka sani, domin mawaƙinsu Imru'ul Ƙaisi ma ya tsoratar da haƙoran dodannin da bai taɓa gani ba. Abin da ido bai gani ba, zuciya ta riga ta san tsoronsa. Daga nan aka ce ya rubuta Majazul Ƙur'an.

Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu wajen 1078, shi ne ya kafa wa fannin ginshiƙi a littafinsa Asrarul Balaga, inda ya nuna cewa aron kalma yana isar da ma'anar da magana tsagwaronta ba za ta kai ba. Zamakhshari ya yi aiki da wannan ma'auni a tafsirinsa al-Kashshaf.

Amma rigima ta kunno kai a kan ayoyin siffofin Allah, irin su hannu da daidaituwa bisa Al'arshi. Mu'utazilawa sun karkatar da su zuwa majazi. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi watsi da raba magana gida biyu, haƙiƙa da majazi, yana mai cewa magabata ba su san wannan rabo ba, kuma ko Abu Ubaida bayanin ma'anar aya kawai yake nufi da kalmar. Fargabarsa ita ce kada majazi ya zama ƙofar da kowa zai bi ya kauce wa nassi.

Wannan gado yana raye a zaurukan tafsirinmu na watan Ramadan. Duk sa'ad da mai jan baƙi ya kai ayar da ta ambaci hannun Allah, kalmar Hausar da malami ya zaɓa tana nuna ɓangaren da ya tsaya a muhawarar da ta haura shekara dubu.