Labarin Matsirgar Anjel

A kudu maso gabashin ƙasar Benezuwela, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani ƙasaitaccen dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Auyantepui. Daga kansa ne ruwa ke zubowa ƙafa 3,212, watau mita 979, don haka masana suka ce duk duniya babu matsirgar da ta kai wannan tsawo. Da rani ruwan yakan ragu ƙwarai, har iska ta watsa shi ya zama feshi tun bai kai ƙasa ba.

Mutanen wurin, waɗanda ake kira Femon, sun san dutsen tun kaka da kakanni, amma a da ba su hawansa, gama sun ɗauka mazaunin aljannu ne. Saboda haka labarin matsirgar bai bazu ba sai da kwaɗayin zinariya ya kawo baƙi.

A shekarar 1933 wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke, mai suna Jimi Anjel, yana shawagi yana neman inda zinariya take, sai ya hangi ruwan nan yana zubowa. A 1937 ya komo da matarsa da waɗansu mutum biyu, ya sauka bisa dutsen. Ashe wurin fadama ne, ƙafafun jirgin suka kafe cikin taɓo. Ba su sami zinariya ba, ga shi kuma babu halin tashi, tilas suka gangaro da ƙafa, suka yi kwana 11 kafin su isa inda mutane suke. Wannan wahala ita ta sa labarinsu ya game duniya, aka sa wa matsirgar sunansa. Jirgin kuwa ya zauna can har 1970, sa'an nan aka ɗauko shi.

Ba a tabbatar da tsawon matsirgar ba sai a 1949, lokacin da wata mai ɗaukar hoto, Rut Robatson, ta ja ayari ta hanyar kogi har gindin dutsen, aka auna. A 1962 gwamnati ta keɓe yankin ta mai da shi gandun Kanaima, a 1994 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gādon duniya. Har yanzu babu hanyar mota zuwa gindin matsirgar. Mai son ganinta sai ya shiga jirgin sama zuwa ƙauyen Kanaima, daga nan Femon su ɗauke shi a kwalekwale su bi kogin Karawo da na Curun, galibi da damina, sa'ad da ruwa ya isa ɗaukar jirgi.

A 2009 Shugaba Hugo Cabez ya ce bai kamata baƙo ya ci sunan abin da ya tarar da masu shi ba, ya nemi a riƙa kiranta da sunan Femon, Kerefakufai Meru. Duk da haka tsohon sunan bai ɓace ba.

Amma abin da ya fi gardamar suna nauyi shi ne zinariya. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye, masu yawon buɗe ido suka ragu, mutane da yawa suka koma haƙar zinariya cikin gandun ba da izini ba, suna sare kurmi, suna ɓata koguna da zaiba. Kogunan nan kuwa su ne hanyar baƙi, su ne kuma abin shan Femon.