Doki ko sa? Sunayen ƙarfin inji a garejin Filinge

Ranar kasuwa a Filinge, idan ka zauna a inuwar gareji, ba za ka daɗe ba direba zai tsaya, ya bar inji a kunne, ya ce wa mai garejin: "Maigida, motar nan ba ta ja." Da wuya ka ji ya ce ba ta gudu. Wanda ya taso daga Yamai, ya yi kusan kilomita 180 ta Balleyara da Bonkuku, sannan ya sauka daga kwalta ya shiga rairayin Dallol Bosso da buhunan hatsi, da tumaki a ɗaure bisa rufi, ya san abin da ke damunsa. Maigidan kuwa sai ya kasa kunne, ya dubi hayaƙi, ya ce: "Alhaji, gyara kake so ko ƙari?" Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin kalmomin da muke kiran ƙarfin inji da su a ƙasar Kurfai, domin na ga mutane da yawa suna biyan kuɗin abu ɗaya, a yi musu wani.

Bakin makanikin Kurfai rijiya ce mai idanun ruwa biyu. Ɗaya ya ɓullo daga Faransanci ta hanyar Yamai, ɗaya daga Ingilishi ta hanyar fatauci da Najeriya, ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Shi ya sa abu ɗaya kan yi suna biyu. Abin da muke ce wa esansi, Bakano fetur ya sani. Bujinmu fuloginsa ne, bitesinmu giyarsa, eshafmanmu salansarsa. Yaron da ke bin babbar mota, nan aparanti ne, can karen mota. Wanda ya taɓa zuwa sayen kayan gyara a Kano ya san wahalar nuna hoto ko ɗaukar tsohon ƙarfe a jaka, don kada a ba shi abin da bai nema ba.

Wasu daga cikin sunayen nan sun yi doguwar tafiya kafin su iso mu. Buji a Faransanci kyandir ne, kuma kyandirin ya ci sunan wani gari na bakin teku a Aljeriya, Bijaya, wanda Faransawa ke kira Buji, inda a da ake fitar da kakin zuma zuwa Turai. Ke nan kalmar ta bar Afirka tana nufin kaki, ta dawo tana nufin ɗan ƙarfen da ke ƙyasta wuta a cikin silinda. Dizal kuwa sunan mutum ne, Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya fara aiki yadda ya kamata a 1897.

Amma babbar kalma a wannan fage ita ce doki. "Doki nawa gare ta?" Asalin wannan awo na James Watt ne, mutumin Sikotilan, wanda a ƙarshen ƙarni na 18 yake son sayar da injin tururi ga masu aiki da dawaki, sai ya kwatanta musu injinsa da abin da suka sani. Dokin da Faransa da mafi yawan ƙasashen Turai ke aunawa da shi shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wato wajen wat 735. Bakurfe ba ya buƙatar allo kafin ya gane wannan. Ya tuna da wasaki cike da lita 75 na ruwa, ana jawo shi daga rijiya, kowace daƙiƙa yana hawa mita ɗaya ba tsayawa. Doki ɗaya ke nan.

Sai dai akwai doki na biyu, kuma shi ne ke rikita mutane. Lambar da ke rubuce a kartigiris, takardar shaidar mota, dokin haraji ce, lissafin da hukuma ke yi don ta san abin da za ta karɓa. Ba ita ce ƙarfin inji na zahiri ba. Misali mafi kusa da mu shi ne Citroën 2CV, wadda sunanta ke nufin "doki biyu". Da ta fito a Paris a 1948, injinta na da doki 9 na gaske. Biyun nan na haraji ne. Irin wannan mota ce Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane suka yi ta fama da ita a fim ɗin Jean Rouch na 1974, Cocorico Monsieur Poulet, har suka kwance ta gunduwa-gunduwa don su ƙetare da ita kogin Isa. Don haka idan dillali ya ce maka mota doki goma ce, ka tambaye shi na wane barga.

To, doki ne direban Filinge yake nema? A ganina sa yake nema. Inji yana da ƙarfin murɗa, wanda makanikai masu Faransanci ke kira kupul, yana kuma da saurin juyawa; idan aka ninka wannan da wancan ne ake samun doki. Ƙarfin murɗa shi ne ke fitar da mota daga rairayi da kaya a bayanta. Dubi injin Toyota mai lamba 1HZ, wanda ke cikin Land Cruiser da yawa tun 1990: silinda shida, lita 4.2, doki wajen 130 kawai. Ƙananan motocin birni da dama sun fi shi doki. Amma yana ba da iyakar ƙarfin murɗarsa tun wajen juyi 2,200 a minti, kafin ya fara ihu. Mutanen da ke da Tukunus a arewacinsu, inda aka daɗe ana kiwo da zaɓen shanun Azawak, sun san bambancin dabbar sukuwa da dabbar ja. Da a hannunmu aka ƙirƙiri awon nan, da wataƙila "sa nawa gare ta?" za a riƙa tambaya. Kalmar "ja" da direba ya faɗa tun farko ta fi "doki" dacewa da buƙatarsa.

Yanzu mu koma ga tambayar maigidan gareji. Aikin da ake yi wa inji iri uku ne, kowanne da sunansa, ko da yake a baki sukan cakuɗe.

Na farko gyara. Gyara maido da abin da ya ɓata ne. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, buji ya yi baƙi, zoben pisto ya cinye har mai yana hawa sama, bakin allurar gazuwal, wato man dizal, ya daina feshi yana ɗiga. Duk waɗannan suna satar dawakin da kamfani ya zuba. Mafi yawan motocin da "ba su ja" a nan suke. Mai su ya yi asarar abin da yake da shi ne, kuma da an share, an sauya, an ɗaure, sai ya rantse an ƙara masa ƙarfi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu reglaji, wanda a Najeriya ake cewa saiti. Nan ba a sauya komai, ana daidaitawa ne: lokacin da wuta za ta ƙyasta, tazarar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, yawan man da zai gauraya da iska. Injin esansi yana ƙone mai tsaf idan kowane kilo ɗaya na mai ya sami kilo 14.7 na iska. Kalmar Ingilishi da duniya ta ara don wannan sana'a, tunin, daga fagen kiɗa ta fito, daga ɗaure tsirkiya har ta ba da muryar da ake so. Duk wanda ya taɓa ganin mai goge ko mai gurmi yana ja yana saki, yana saurare, ya ga reglaji. Kuma ya san ƙarshen tsirkiyar da aka ja fiye da kima.

Na uku shi ne ƙari, kuma nan ne sunaye ke fara ɓoye gaskiya. "A taɓa pompi" magana ce mai laushi, amma ma'anarta a murɗa ƙusar famfon gazuwal don ya ƙara zuba mai. Mota takan ɗan ƙara ja, sai dai idan iska ba ta ƙaru ba, rarar man baƙin hayaƙi take zama, zafin cikin silinda kuma ya hau. "A sa turbo" na nufin a ɗora na'urar da Alfred Büchi, mutumin Suwizalan, ya yi wa rajista a 1905, wadda hayaƙin da ke fita ke juya ta, ita kuma ta cusa ƙarin iska. Dabara ce mai kyau ga injin da aka ƙera dominta. Wanda ba a ƙera dominta ba, pistonsa da kilas ɗinsa, wato kan injin, ne ke ɗaukar nauyin. "A rabota kilas" shi ne a kankare fuskar kan inji. Ana yi don a miƙar da wanda zafi ya lanƙwasa, amma yana ƙara matsi, matsi mai yawa kuma tare da man kwalba maras kyau shi ke kawo ƙwanƙwasar da ke huda pisto. A sababbin motoci aikin ya koma cikin kwamfutar da ake kira ƙwaƙwalwa, a sake mata lissafin mai da iska. Akwai kuma tukunyar tace hayaƙi da ke cikin eshafma, wadda a Najeriya ake yi wa laƙabi da Indomie saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Akan ce a cire ta mota ta yi numfashi, alhali ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam, suna da kasuwarsu. Mai mota ya kamata ya tambayi inda tasa za ta kwana.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin a kan ƙari. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta watan Afrilu da Mayu, ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Inji yana shaƙar ƙasa da abin da yake shaƙa a Turai, ruwan da ke sanyaya shi kuma yana aiki a bakin iyakarsa. Wanda ya ƙara wuta a kan wannan, sannan ya cire kalorsta, ɗan bawul ɗin da ke tsare zafin ruwa, yana zaton ya yi maganin zafi, ya shiga garin neman gira. Haka kuma duk dokin da aka ƙara, birki bai ƙaru ba, taya bai ƙaru ba, fasinjan da ke zaune bisa buhu bai san an taɓa komai ba.

Shi ya sa nake ganin ƙari yana da wani suna da ba a faɗa, wato bashi. Ƙarfin da ka samu yau daga kwanakin injin ka ranto shi, kuma ranar biya takan zo ne tsakanin Filinge da Abala, inda babu gareji, babu inuwa. Ban ce kada kowa ya ci wannan bashi ba. Mai hali da sani, wanda ya ƙara sanyi da birki tare da ƙarfi, yana iya ci ya biya lafiya. Abin da nake roƙo shi ne a kira shi da sunansa kafin a ɗauki sufana. Makanikin da ya tambayi Alhaji "gyara ko ƙari?" ya riga ya yi rabin amanar sana'arsa. Saura rabin yana wurin Alhaji: ya tuna cewa da bakinsa ya ce "ba ta ja", ya bari a fara buɗe matatar iska a ga yawan ƙurar Dallol da ke ciki.