Aikin Bazara a Gandun Gida: Tarihin Ƙananan Manoma na Kewayen Birnin Kano

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin Kano, hankali ya fi karkata ga sarauta da fatauci da rini da malanta. Ba kasafai akan tsaya a tambayi wanda ya ciyar da birnin tsawon ɗaruruwan shekaru ba. Amsar kuwa ba ta da nisa: ƙananan manoma ne na karkarar da ta kewaye ganuwa, waɗanda maigida da 'ya'yansa ke noma 'yar gonar tudu da ɗan lambu a bakin rafi. Wannan maƙala za ta duba rayuwar irin wannan gida a lokaci guda na shekara, wato bazara, domin a cikinta ne ake yin ayyukan da suka sa ƙasar Kano ta jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba.

Bazara a Lissafin Manomi

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da ɗari da bazara. Bazara takan kama daga wajen watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Lokaci ne na tsananin zafi, domin a watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano yakan haura digiri 40. Rijiyoyi sukan ja baya, rumbu ya fara nuna gindinsa, dabbobi su rame. Wanda bai san karkara ba zai ɗauka lokacin zaman banza ne, alhali kuwa ayyuka biyu ne ke haɗuwa a kan iyali ɗaya: ƙarasa lambun rani a fadama, da shirya gonar damina a tudu. A wannan lokaci ne kuma 'yan cin-rani da almajirai suke komawa gida, saboda kowa ya san da hannunsa aka yi lissafi.

Gandu da Gayauna

Tsarin da ya riƙe wannan aiki shi ne gandu. A gandu, maigida da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, wani lokaci da ƙannensa, suna noma gonakin gida tare, suna ci daga rumbu ɗaya. Haƙƙin maigida ne ya ciyar da kowa, ya samar da iri da kayan aiki, ya biya haraji, ya kuma ɗauki nauyin auren fari na 'ya'yansa. Su kuma 'ya'yan sukan yi aikin gandu daga safiya zuwa azahar. Abin da ya rage na yini nasu ne, sai kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa domin biyan buƙatun kansa. Idan aiki ya fi ƙarfin gida, sai a kira gayya, maƙwabta su taru su yi, a ciyar da su.

Gona takan shigo hannun iyali ta hanyar gado ko saye ko aro ko jingina. Da yake ana raba gado duk lokacin da maigida ya rasu, gonaki sun yi ta ƙanƙancewa daga zuriya zuwa zuriya. Wannan ƙarancin ƙasa shi ya tilasta wa manomin Kano ya ƙware wajen raya 'yar wadda yake da ita.

Taki: Igiyar da ta Ɗaure Birni da Ƙauye

A wurare da dama na ƙasar Hausa, idan gona ta gaji akan bar ta ta zama saura, a sari sabuwa a daji. A kewayen Kano daji ya ƙare tun da daɗewa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya nazarci yankin a shekarun 1960, ya tarar da cewa mafi yawan ƙasar ana noma ta ne kowace shekara, kuma duk da haka tana bayar da amfani. Sirrin abin shi ne taki, kuma bazara ce lokacin kai shi.

Aiki yakan fara da sharar gona. Akan tone tushiyar dawa da gero, a sassabe 'yan tsirrai, a tara a ƙona, karan da ya rage kuma a kai gida don girki da danni. Daga nan sai a shiga kwasar takin da ya taru a turken awaki da tumaki, a haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida. Akan loda shi a mangala a bayan jaki, a kai gona a zuba tsibi-tsibi, sai ruwa ya kusa a baza. Wanda yake da hali yakan yi yarjejeniya da Fulani su sauka da shanunsu a gonarsa na wasu kwanaki, ya ba su hatsi.

Sai dai takin gida ba ya isa. Saboda haka aka sami wata tsohuwar hulɗa tsakanin birni da ƙauye. Da asuba jakuna sukan shiga ƙofofin gari ɗauke da itacen girki da kara da harawa da kayan miya, da rana kuma su fito ɗauke da juji da toka da kashin dabbobin da aka kwaso daga unguwanni. Ta haka abin da birni ya ci daga ƙasa yake komawa cikinta. Mutanen birni sun rabu da shara, manomi ya sami taki, mai jaki ya sami ladansa. Gwargwadon kusancin gona da ganuwa, gwargwadon takin da take samu da kuma darajarta.

Itatuwa ma suna cikin lissafi. Ba a sare gawo, domin da damina yake zubar da ganyensa, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ɗorawa tana nuna da bazara, a sha garinta, kalwarta a yi daddawa, makubarta a yi daɓe. Kuka da tsamiya da kanya da mangwaro kowanne yana da mai shi, har akan raba su a gado dabam da ƙasar da suke kai.

Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, wasu manoma sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Kasada ce: idan ruwa ya sauka da ƙarfi, mai binne ya riga kowa cin tumu; idan yayyafi ne kawai ya biyo baya da fari, iri ya tafi a banza.

Lambu da Jigo

Noman lambu a Kano ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Ya kuma ambaci fadamar Jakara da ta ratsa gari, kusa da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Heinrich Barth, Bajamushen da ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya kuma yaba da albarkar ƙasar. Wata babbar shaida ita ce, a ƙarni na 19 masarauta tana karɓar kuɗin rafi daga masu noman fadama, dabam da kuɗin ƙasa. Ba a ɗora wa sana'a haraji na musamman sai ta kafu tana kawo riba.

Kayan lambun wancan zamani su ne albasa da alkama da taba da rake da barkono da gauta da kuɓewa. Ban-ruwa kuwa da jigo ake yi. Akan kafa gwafanni biyu a bakin rafi ko rijiya, a gicciya sanda, a ɗora doguwar gora a kai; gefe ɗaya a ɗaura curin laka don nauyi, ɗaya gefen kuma guga. Mutum ɗaya yana ɗebowa yana zubawa a magudana, yaro kuma yana bin ruwan da fartanya, yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan. Da bazara ruwa yakan yi ƙasa, sai a riƙa yasar rijiya ana bin sa, aikin kuma ya ninka.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913. Baƙi suka yawaita, tare da cimarsu. Buƙatarsu ta sa latas da kabeji da karas suka sami gindin zama a lambunan da ke bin Jakara da rafin Getsi, a wurare irin su Ƙofar Ruwa da Kwakwaci da Gama. A tudu kuma gyaɗa ta zama amfanin kuɗi tun daga 1912. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta koya wa manoma darasi, shi ya sa ko a ganiyar cinikin gyaɗa ƙaramin manomi bai saki gero da dawa ba, yakan haɗa su da wake da gyaɗa a gona guda.

Yinin Gida da Bazara

Da sanyin safiya ake kama fara. Bayan sallar asuba a sha koko ko a ci ɗumame, gida ya rabu biyu: wasu su kora jakuna zuwa gonar tudu, wasu su gangara lambu a ba da ruwa kafin rana ta take. Kayan da za a kai kasuwa tun jiya da yamma ko da duku-duku aka tsinke su, domin kayan gwari ba sa jiran kowa. Da hantsi yara sukan kai fura gona. Idan rana ta raba tsaka sai a koma inuwa, inda aiki ba ya tsayawa: tufkar igiya, saƙar zana, gyaran ƙotar fartanya da sungumi, kai garma wurin maƙeri. Da bazara ne kuma ake yaɓen katanga da daɓen soro da sabunta jinka da gyaran rumbu, kafin ruwa ya tona asirin malalaci.

Albasa takan isa cira a wannan lokaci. Maigida yakan tsaya tsakanin shawara biyu: ya sayar yanzu da araha don sayen iri da cike gurbin hatsi, ko ya shanya ta ya adana a rumfa mai shan iska har farashi ya tashi da damina, ya yarda wani kaso ya ruɓe. Mafi yawan talakawa buƙata ce ke yanke musu hukunci.

Matan aure, ko da suna kulle, rabin tattalin gidan a hannunsu yake. Su ke surfe da daka da girki. Su ke yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, su daka lawashi a yi gabu, su dafa kalwa, su soya ƙuli-ƙuli, 'yan mata su kai talla. Mafi yawan awaki da tumakin gida na mata ne, ma'ana takin da ke raya gandu daga dukiyarsu yake fitowa. Sau da yawa, idan rumbu ya ƙare kafin sabon gero, akuyar uwargida ce ake sayarwa a rufa asiri.

Sauye-sauyen Zamani

Daga shekarun 1970 al'amura suka juya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikinta. Gwamnatin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975) ta gina madatsun ruwa, mafi girma ita ce ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda ta mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani. Takin zamani mai rangwame ya yaɗu, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na 1976. A shekarun 1980 da 1990 ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama suka ture jigo, har ya zama yaran yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Kasuwanni irin su 'Yankaba da Kwanar Gafan suka bunƙasa, tumatirin Kano ya riƙa isa Legas.

Kowane ci gaba ya zo da nasa nauyi. Inji yana buƙatar fetur, kuma cire tallafin mai a 2023 ya sa wasu suka rage fili, wasu suka koma injin mai amfani da hasken rana. Tsutsar tumatir ta 2016 ta cinye gonaki masu yawa cikin 'yan makonni. Jujin birni ya cika da leda da roba da kwalba, sai an tsince kafin ya amfanu. Ruwan Jakara da Getsi ya gauraya da dagwalon gidaje da na masana'antu, binciken jami'o'i kuma ya sha nuna sinadarai masu cutarwa a cikinsa.

Mafi girman barazana ita ce ƙasar kanta. Ɗorayi, inda Polly Hill ta nazarci rayuwar manoma a farkon shekarun 1970, yau unguwa ce a cikin gari. Gonakin Kumbotso da Ungogo da dama sun zama fulotai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta amfanin gona ce da gini, ba ta la'akari da takin da kakanni suka zuba ba. Gandu ma ya yi rauni, samari sun fi son sana'ar da ke kawo kuɗi kullum.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, albarkar ƙasar Kano ba tsintuwa ba ce. Aikin hannu ne da aka riƙa sabuntawa kowace bazara, mangala bayan mangala. Gonar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rayawa, yini ɗaya ya isa a kafa mata turaku a yanka ta fulotai, kuma ba ta dawowa. Ya kamata masu tsara birni su keɓe fadamun da suka rage, a tsabtace ruwan da ke shiga cikinsu, a kuma tace shara ta koma gona kamar da. Haka nan wajibi ne a hanzarta tattara bayanai daga bakin dattawan da suka ja jigo suka kora jakin taki, maza da mata, tun suna raye. Allah Ya ba mu damina mai albarka.